Wasa da Fage da Kiɗa: Kalmomin Dambe da Matsalar Raɗa wa Baƙon Wasa Suna

1.0 Gabatarwa

Duk wasan da matasa suka runguma ba ya tsayawa a motsa jiki kawai. Yakan samu wurin da ake yin sa, da kiɗan da ke tafiya da shi, da kuma kalmomin da sai ɗan gida ke gane su. Wannan takarda za ta dubi dambe ta wannan fuska, sannan ta kwatanta shi da wani baƙon wasa da ya fara shiga biranen Afirka, wato zamiya a kan katako mai tayoyi. Manufa ita ce ɗalibi ya ga yadda harshe ke aiki a fagen wasa, domin a nan ne mai fassara ya fi yin tuntuɓe.

2.0 Dambe da Kiɗansa

Asalin dambe wasan mahauta ne, waɗanda ake kira rundawa. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sukan bi garuruwa suna gwada ƙarfi da takwarorinsu. Da yake kalangu shi ne kayan kiɗan mahauta, sai ya bi su har fage. Kalangu yana da igiyoyi da suka haɗa bakinsa biyu. In makaɗi ya matse su a hammata sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Tun da Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan hawa da sauka ya isa ya kwaikwayi magana, har mai sauraro ya gane sunan wanda ake kira ba tare da an buɗe baki ba.

A nan ɗalibai kan haɗa kalmomi biyu da bai kamata a haɗa ba, wato "take" da "kirari". Take aikin makaɗi ne, kuma kowane sanannen ɗan dambe yana da nasa. Da zarar an kaɗa shi, mai shi yakan tsuma, ya miƙe ya shigo fage. Kirari kuwa daga bakin ɗan damben yake fitowa, yana koɗa kansa, yana firgita abokin karawa. Ke nan kiɗan ba ado ba ne da ake iya cirewa, shi ne ke fito da ɗan wasa. Wanda ya saurari waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan'anace na ƙasar Sakkwato ya yi wa Shago zai fahimci haka. Da yawa daga masu ambaton Shago a yau ba su taɓa ganin dambensa ba, a bakin Ɗan'anace suka san shi.

Sai kalmomin fagen kansu. In an ce mutum biyu sun "sa zare", ana nufin sun kara, saboda zaren da ake naɗewa a hannun duka. "Turmi" shi ne zagaye ɗaya na karawa, kuma yawanci turmi uku ake yi. Wadda ta fi haɗari ita ce "kisa". A fagen dambe, wanda aka buge ya kai ƙasa an kashe shi, alhali zai tashi ya kakkaɓe jikinsa ya koma cikin jama'arsa. Mai fassarar da ya ɗauki "wane ya kashe wane a turmin farko" a zahirinta ya kai wa masu karatunsa labarin rasuwar da ba a yi ba. Haka nan "babu kisa" na nufin an tashi ba wanda ya yi nasara.

Sunayen 'yan dambe ma nahawu ne mai zaman kansa. Akan jingina yaro ga ubangidansa da harafin mallaka: Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, ko Bahagon wane idan da hagu yake duka. Wannan "shago" ba ruwansa da shagon tireda. Daga sunan kaɗai ɗan kallo kan gane gidan da yaro ya tashi, kamar yadda ake gane ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada.

Fagen ya sauya. Daga filin bakin kasuwa an koma gidan dambe mai kuɗin ƙofa, irin na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, daga can kuma zuwa YouTube. Abin takaici, gajeren bidiyo ya fi son naushi a kan magana, don haka take da kirari su ne suka fi saurin faɗawa bakin almakashi.

3.0 Baƙon Wasa

Zamiya a kan katako ta samo asali ne a Kalifoniya ta Amurka wajen shekarun 1950, a hannun masu hawan igiyar ruwan teku da ke neman abin yi a tudu. A farkon shekarun 1970 aka samu tayoyin roba masu kama ƙasa, sannan farin da aka yi a 1976 da 1977 ya bar wuraren ninkaya na gidaje babu ruwa, matasa suka riƙa zamiya a cikinsu. Siffar waɗannan ramuka ce ake kwaikwaya da siminti a filayen wasan har yau. Mujallar Thrasher, wadda aka kafa a 1981, ta ɗaura wasan da wani kiɗan jita mai hargowa na matasa masu bore, daga baya kiɗan gambarar zamani ya shigo. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo, wadda aka yi a 2021. A Afirka, matasan unguwar Kitintale ta Kamfala sun gina filinsu da hannunsu a 2006, aka buɗe wani a Adis Ababa a 2016, wani kuma a Akara a 2021.

Bambancin da ya shafi manazarci shi ne, a wannan wasa kiɗa ba ya kiran kowa. Ana ɗora shi ne a kan bidiyo bayan an gama, don ya nuna irin mutanen da ɗan wasa ke jin shi nasu ne. Saboda haka kuskure ne a kira waƙar da ke bin bidiyon wani "takensa", duk da cewa kalmar ita ce ta fi saurin zuwa baki.

4.0 Wane Suna Za a Ba Shi?

Hanya mafi sauƙi ita ce aro, a ce "siketbod". Matsalarta ita ce Hausawa ba daga rijiya ɗaya suke aro ba. Bakano na ara daga Ingilishi, Bamarade daga Faransanci, shi ya sa ake jin "lakwal" da "mushe" a Nijar a inda ɗan Nijeriya zai ce makaranta da malami. Akwai kuma rijiya ta uku da akan manta da ita. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kai jama'arsa Fulani da Hausawa gabas, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Aikin noman auduga na Jazira, wanda ya kankama da kammala madatsar Sinnar a 1925, ya ƙara jawo Hausawa masu niyyar aikin Hajji, da yawansu suka zauna. Jikokinsu daga Larabcin Sudan suke aro, kuma Al-Amin Abu-Manga ya yi littafi sukutum a 1999 a kan yadda Hausarsu ke karkata ga Larabci.

Saboda haka "siketbod" ba lalle ta gaya wa yaron Maiwurno komai ba, alhali "katakon zamiya" an gina ta ne da kalmomin da ya gada. Ta kuma dace da "wasan zamiya a kan ƙanƙara" da sassan Hausa na gidajen rediyon waje suka daɗe suna amfani da shi. Wurin wasan kuwa, "fage" na ɗauke da ma'anar karawar mutum biyu a gaban 'yan kallo, wanda ba haka wasan yake ba a mafi yawan lokuta. "Filin zamiya" ya fi dacewa, a bar "fage" sai ranar gasa.