Ba ƙusa ba ce, laka ce: tayar da ke sacewa ta leɓe

Da zarar damina ta kankama a yankin Donga, hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Bariénou sai babur da mota mai jan ƙafa huɗu. Hilux da Land Cruiser su ne ke fito da doya zuwa Djougou, garin da kakanninmu fataken goro ke kira Zugu, kuma su ake bugawa ƙofa cikin dare idan naƙuda ta zo da gardama. Shi ya sa tayar da ke kwana a cike ta wayi gari a kwance ba ƙaramin abu ba ne a nan.

Direbobi da yawa na rage iska kafin su shiga taɓo, don taya ta baje ta kama ƙasa. Dabara ce mai kyau, amma tana da kuɗinta. Tayar tubles ba ta da tib a ciki. Abin da ke riƙe iskar shi ne leɓenta, zoben roba mai wayar ƙarfe a ciki, wanda ke manne da bakin rim. Idan iska ta yi ƙasa, aka karya kwana ko aka daki tudu, leɓen kan ɗan ɗaga, laka da yashi su kutsa. Daga nan sai iska ta riƙa tsiyaya sannu a hankali, a yi ta neman ƙusa ba a gani.

Na tsaya wurin wani dattijo mai faci da ke kusa da makarantarmu ranar da aka kawo masa irin wannan. Mai motar har ya fara maganar sayo sabuwa daga Parakou. Dattijon ya kwantar da tayar, ya kaɗa sabulu a ruwa, ya zuba a zagayen rim. Nan take kumfa ta tashi a wuri guda.

Na ce, "Baba, ke nan ba huda?"

Ya ce, "Ina fa, Malam! Datti ne. Wanka take so."

Ya kwance ƙwayar bawul, iska ta fice duka, sannan ya danne gefen tayar har leɓen ya rabu da ƙarfe. A daji, inda babu kayan aiki, da gindin jak ake yin wannan: a ɗora shi kan robar dab da rim, ba kan ƙarfen ba, nauyin motar ya danna. Abin da ya fito kuwa jar laka ce da tsatsa. Nan ya fi daɗewa. Ya goge bakin rim da burushin waya, ya wanke leɓen, ya bi shi da yatsa yana laluben tsaga. In leɓe ya yage har waya ta leƙo, ko rim ya lanƙwashe, wankin duniya ba zai hana yoyo ba. Da ya gamsu, sai ya shafa ruwan sabulu. Ban da baƙin mai, ban da giris, domin suna cin roba.

Mayar da leɓen iska mai yawa yake so a lokaci guda, shi ya sa ba a mayar da ƙwayar bawul tukuna. Idan iskar na zurarewa ta gefe, a ɗaure tsakiyar tayar da bel ɗin ɗaure kaya don gefunan su buɗe, a kwance shi da zarar ta fara kamawa. Sai ka ji fas! sau ɗaya ko biyu. Hannu nesa da bakin rim, fuska ma haka. Masu ƙera taya sun yi gargaɗin kada a wuce bar 2.8 wajen zaunar da leɓe. In bai zauna ba, a sace iskar a sake. Bayan haka a duba siririn layin da ke zagaye gefen tayar, ya zama tazararsa da rim daidai take ko'ina, a mayar da ƙwayar, a cika gwargwadon abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a sake gwadawa da sabulu.

Akwai kuma masu gaggawa, waɗanda ke yayyafa kpayo cikin taya su ƙyasta ashana. E, leɓen kan hau, na ga yara na kallon haka a waya suna tafi. Ni dai ban yarda da ita ba. Ba wanda ke iya auna ƙarfin fashewar, kuma galibi ana yinta ne dab da teburin mai sayar da fetur a kwalba. Mu da muka ji labarin gobarar rumbun kpayo a Sèmè-Kraké cikin Satumbar 2023, wadda ta ci rayuka sama da 30, bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Wasu tsofaffin Land Cruiser rim ɗinsu mai zobe ne, da tib a ciki. Wannan aikin daban ne: zoben kan iya tsinkewa da ƙarfin da zai kashe mutum, don haka a bar wa wanda ya saba da shi.