Taron da Ba Shi da Babban Tebur

Duk wanda ya saba halartar taron ƙungiya ko na ma'aikata ya san yadda ake yi. A sa ƙarfe goma, ba za a fara ba sai an kusa azahar, saboda ana jiran babban baƙo. A gabatar da manya ɗaya bayan ɗaya da laƙabobinsu, shugaba ya karanta jawabin da wani ya rubuta masa, sannan a ce ko akwai mai tambaya, amma a taƙaita don lokaci ya ƙure. Sai an fito bakin ƙofa ana jiran abin hawa za ka ji gaskiyar magana: wa ya riƙe kuɗin, me ya kashe injin, me ya sa matasa suka daina zuwa. Masu mafita suna cikin zauren tun safe, ba wanda ya tambaye su.

Wani Ba'amurke mai suna Harrison Owen ya gamu da irin wannan. A 1983 ya kwashe kusan shekara yana shirya babban taro kan yadda ƙungiyoyi ke sauya fasali, mutum 250 suka halarta. Da aka tashi, jama'a suka ce abin da ya fi amfanarsu shi ne hirar da suka yi lokacin hutun shan kofi, wato abu guda da bai shirya ba. Maimakon ya yi fushi, sai ya nemi yadda za a mai da taro gaba ɗaya irin wannan hirar. A 1985, a garin Monterey na jihar Kalifoniya, ya tara mutum 85 ba tare da jadawali ba, ya bar su suka tsara da kansu. Wannan shi ne tsarin da ya yi suna da Open Space, wato buɗaɗɗen fili. Owen ya ce wani ɓangare na dabarar daga Laberiya ya samo shi, a ƙauyen Balamah, inda ya ga an yi bikin kwanaki ba kwamitin shirye-shirye, kowa ya san inda zai kama. Wanda ya taɓa zuwa aikin gayya ba zai yi mamakin haka ba.

Ga yadda ake yi. A jera kujeru a da'ira, babu babban tebur, manaja kusa da direba. A faɗi matsala guda da ta tara mutane, misali yadda za a ceto ƙungiyar manoma da bashi ya durƙusar. Duk mai wani batu da ke ci masa tuwo a ƙwarya ya fito tsakiya, ya rubuta shi a takarda, ya faɗi sunansa, ya manna a bango tare da lokaci da wurin da za a zauna. Fitowarsa alkawari ne: shi zai jagoranci zaman, shi zai tabbatar an rubuta abin da aka cimma. Kafin awa guda bango ya cika, jadawali ya samu, kowa ya zaɓi rukunin da zai shiga.

Akwai ƙa'ida ɗaya da za ta yi mana nauyi. Idan ka ga ba ka ƙaruwa a inda kake, ba ka kuma ƙarar da kowa, tashi ka koma wani rukunin. A tarbiyyarmu tashi ana magana rashin kunya ne, balle idan dattijo ne ke yi. Amma a nan ƙarfin tsarin yake. Mai dogon surutu ba ya buƙatar a katse shi, zai waiwaya ya ga kujeru sun zama wayam. Shi ya sa tilas a bayyana wannan tun farko, kuma babba da bakinsa ya ce ya yafe, kowa na da izinin tashi.

Kada a ɗauka wasan yara ne. A watan Afrilu na 1992, mutum kusan 225 suka taru a birnin Denver na Amurka don daidaita yadda za a kashe dala biliyan 1.5 wajen gina hanyoyi a filayen gwamnati da na 'yan asalin ƙasar. Sun haɗa da jami'an tarayya, na jihohi da ƙananan hukumomi, da wakilan ƙabilun da suka daɗe ba sa ga maciji da gwamnati. Cikin kwana biyu suka kafa rukunoni 52, suka tashi da rahoto mai shafi kusan 150 wanda su suka rubuta. Mutum ba ya yi wa shawarar da ya kawo da kansa zagon ƙasa, kuma yawancin gyare-gyaren da ake saukowa da su daga sama a nan suke mutuwa, a hannun waɗanda aka ce su aiwatar ba a ji ta bakinsu ba.

Sai dai a yi hattara. Owen da kansa ya yi kashedin cewa tsarin ba ya aiki idan shugaba ya riga ya yanke hukunci. Wanda ya gama shirin korar ma'aikata ko ƙara kuɗin wata, sannan ya tara mutane a da'ira don a ce an yi shawara, yaudara ce, kuma jama'a na gane ta da wuri. Bayan haka ko da gaske aka kira su, ba za su buɗe baki ba. Kafin ka halarci irin wannan zama, tambayi masu kira: me aka bar mana mu yanke, me kuma ba ya taɓuwa? Shugaba mai gaskiya zai faɗi iyakar, ya ce kasafin kuɗi kaza ne, doka ta hana kaza, sauran naku ne.

Haka nan zuwa ya zama na ganin dama. Taron da aka cika da alawus ɗin zama zai tara masu jiran ambulan, ba masu damuwa da matsalar ba. Kuma ba kowane al'amari ke buƙatar wannan tsarin ba. Sanar da sabon lokacin aiki takarda ta isa. An yi shi ne don matsala mai sarƙaƙiya, mai gaggawa, wadda ta raba kawuna, wadda babu mutum ɗaya da ke da amsarta.

Cire babban tebur kuma ba ya cire tsoro. Ƙaramin ma'aikaci ya san gobe maigidansa zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa. Mace a cikin maza tana iya zama har a tashi ba ta ce uffan ba. Wanda bai iya rubutu ba zai ji nauyin fitowa. Don haka a sa masu rubuta wa mutane batunsu, a yi magana da harshen da kowa ke ji, a bar mata su buɗe nasu rukunin idan sun so, kuma rahotonsu ya shiga kundi daidai da na kowa. Kafin a watse, kowace shawara da aka amince da ita a rubuta sunan wanda ya ɗauke ta da ranar da zai dawo da bayani, a kafe takardar inda kowa ke wucewa, a kuma sa ranar zama na gaba tun ba a tashi ba.