Kalmomin jan hankali a Turanci da takwarorinsu a Holanci

A ƙasar Holand, inda yawan kekuna ya zarce yawan jama'a, sanin kalmar gargaɗi guda ɗaya kan iya raba baƙo da gadon asibiti.

Akasarin 'yan ƙasar na jin Turanci, to amma idan haɗari ya taso ba zato ba tsammani, harshen uwa ne ke fara fita daga baki. Saboda haka baƙon da ya taka jajayen hanyoyin da aka keɓe wa masu kekuna a birnin Amsterdam ba lallai ne ya ji "Watch out!" ba. Abin da zai fi ji shi ne ƙarar ƙararrawa haɗe da "Pas op!" ko kuma "Kijk uit!", waɗanda ke daidai da "hattara!" a Hausa.

Turanci da Holanci 'yan gida ɗaya ne, domin dukkansu sun fito ne daga reshen yammaci na dangin harsunan da suka haɗa da Jamusanci. Ana ganin wannan zumunci a "Kijk uit", wadda ta yi daidai da "Look out" kalma da kalma: "kijk" na nufin duba, "uit" kuma waje.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A allunan kan hanya da takardun hukuma an fi rubuta "Let op!", ma'ana a lura, a inda Bature zai rubuta "Attention" ko "Please note". Ba ta da wata alaƙa da "let up" ta Turanci, wadda ke nufin sassautawa. Haka kuma idan aka yi ihun "Brand!", ba maganar tambarin kamfani ake yi ba, gobara ce ta tashi.

Wajen neman hanya a cikin cunkoso ko tsayar da wanda ba a sani ba, "Excuse me" ta Turanci na da takwarori da dama. Akwai "Pardon" da aka aro daga Faransanci, da "Sorry" da aka aro daga Turanci, wadda ta zama ruwan dare musamman a bakin matasa. Mai neman kwatance kan fara da "Mag ik u iets vragen?", wato ko zan iya tambayarku wani abu, bayan ya kira namiji "meneer", mace kuma "mevrouw".

A nan ne babban bambancin yake. Turancin zamani na amfani da "you" ga kowa, babba da yaro, alhali Holanci ya ware "u" domin girmamawa, "jij" ko "je" kuma ga abokai da yara. Kiran dattijo ko jami'in gwamnati da "jij" a haɗuwar farko na iya zama rashin ladabi.

Su ma sanarwar tashoshi sun sauya da zamani. A shekara ta 2017 hukumar sufurin birnin Landan ta daina buɗe sanarwa da "Ladies and gentlemen", kuma a ƙarshen wannan shekarar kamfanin jiragen ƙasa na Holand, NS, ya maye gurbin "Dames en heren", wato mata da maza, da "Beste reizigers", ma'ana ya ku matafiya.

Akwai dai kalmar da harsunan biyu suka yi tarayya a kanta ba tare da sauya ko harafi ɗaya ba, ita ce ta neman agaji: "Help!". Lambar kiran gaggawa kuwa a Holand, da ma Beljiyam inda fiye da rabin jama'a ke magana da Holanci, ita ce 112.