Ƙarfe ko igiya: Wane mahaɗi ya fi dacewa wajen fitar da motar da ta kafe?

Da zarar damina ta kankama, motoci kan yawaita kafewa a taɓo a hanyoyin karkara, kamar yadda rairayi ke riƙe su da rani a arewacin Yobe da Borno. Inda babu janwe, wata motar ce ke janyo ta. Hankalin direbobi ya fi karkata ga ƙarfin igiya, alhali haɗarin ya fi yawa a wurin ɗan abin da ke haɗa igiyar da jikin mota.

Mahaɗin iri biyu ne. Na ƙarfe, wanda aka fi sani, lanƙwasasshe ne kamar kofaton doki, da ƙusa mai murɗawa da ke rufe bakinsa. Na biyun guntuwar igiya ce mai ƙulli a kai guda da zarge a ɗaya kan, wadda ake saƙawa da zaren roba mai tsananin ƙarfi irin na Dyneema. Masu jiragen ruwa ne suka riga direbobi amfani da ita.

Babban aibin na ƙarfe shi ne nauyinsa. Wanda aka saba gani a motoci irin su Hilux yana kai kusan kilo ɗaya. Igiyar fizga kuwa tana miƙewa kamar danƙo, don haka idan wurin da aka maƙala mahaɗin ya ɓalle, ƙarfen kan taso da gudun da zai iya fasa gilashi ya hallaka wanda ke zaune a ciki. Wannan ne ya sa ba a haɗa igiya biyu da mahaɗin ƙarfe a tsakiya, komai ƙurewar hali. Mahaɗin igiya ba shi da wannan nauyi, har ma yana yawo a kan ruwa idan ya faɗa kududdufi.

Sai dai shi ma yana da nasa rauni. Kaifin ƙarfe yana yanka shi, yashin da ya shiga saƙarsa yana cin zaren daga ciki, zafin rana na rage masa ƙwari a hankali, kuma zaren kan narke a kusan digiri 150, saboda haka kusantar salansa ba nasa ba ne. Ramukan ja na motoci da yawa suna da kaifin baki, domin da ƙarfe aka yi nufin amfani da su. A irin wannan wuri na ƙarfen ne daidai.

Lambobin da ke jikinsu ma kan ruɗi mai saye. A jikin na ƙarfe akan ga haruffan WLL da adadi kamar tan 4.75. Wannan shi ne nauyin da aka amince ya yi aiki da shi, kuma ba ya karyewa sai nauyin ya ninka haka sau biyar ko shida. Na igiya kuwa MBS ake rubuta masa, wato nauyin da zai iya tsinkewa a kansa. Don haka mahaɗin igiya mai tan 14 bai fi na ƙarfe mai tan 4.75 ƙarfi ba, ko da yake lambarsa ta fi girma. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, kamar yawancin masu arha a kasuwa, bai cancanci a ɗora masa mota ba.

Ga mai yawan bin hanyar taɓo, abin da ya fi shi ne ya ajiye na igiya biyu da na ƙarfe ɗaya. Ya yi amfani da na igiya duk inda bakin ramin yake da santsi, ya wanke shi da ruwa bayan aiki, ya shanya a inuwa. Idan na ƙarfe zai sa, ya murɗa ƙusar har ƙarshe sannan ya ɗan sassauta ta, don kada ta cije bayan ja. Dunƙulen ƙarfen jan tirela da ke bayan wasu motoci kuwa ba wurin ɗaura igiyar fizga ba ne, domin yana iya guntulewa. Kafin a fara ja, a ɗora bargo mai nauyi a tsakiyar igiyar, 'yan kallo kuma su ja da baya fiye da tsawonta.