Kujerar Likitan Haƙori a Zamanin Korona: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Lokacin korona an yi ta yaɗa cewa babu inda mutum zai kwaso cutar da sauri kamar kujerar likitan haƙori. Maganar tana da tushe. Likitan yana sunkuyawa ne dab da bakin da ba halin a rufe shi da takunkumi, injin huda haƙori kuma yana fesa ruwa gauraye da yawu, feshin ya daɗe yana yawo a ɗaki. Shi ya sa ranar 16 ga Maris 2020 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ce a ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba. A Ingila ma an tsayar da aikin yau da kullum a ƙarshen Maris, sai 8 ga Yuni aka buɗe.

Amma cewa cutar ta yi wa likitocin kamun kazar kuku, wannan ƙarin gishiri ne. Binciken waccan ƙungiya a watan Yunin 2020 ya nuna waɗanda suka kamu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Rufe asibitocin ya taimaka, sannan mutanen nan sun saba da safar hannu, takunkumi da dafa kayan aiki tun ɓullar ƙanjamau a shekarun 1980.

Inda annobar ta yi musu ɓarna sosai shi ne aljihu. A Ingila a lokacin, in an yi aiki da injin, sai a bar ɗakin babu kowa har tsawon awa guda kafin wani ya shiga. Marasa lafiya suka ragu, takunkumi ya yi tsada, kuɗin haya da albashi kuwa ba su san da kulle ba.

Sai batun maganin kurkure baki. Gaskiya ne a Nuwamba 2020 masu bincike a Jami'ar Cardiff sun ga wasu irinsa suna kashe ƙwayar cutar cikin daƙiƙa 30, amma a ɗakin gwaji. Ƙwayar tana zaune a hanci da huhu, inda kurkura ba ta kaiwa. Ruwan gishiri mai ɗumi ma iyakarsa ya lafar da kaikayin maƙogwaro.

Masu cewa takunkumi na ruɓar da haƙori kuwa, sun ɗora wa ƙyalle laifin sukari da rashin asuwaki. Warin da suka riƙa ji a ciki, na bakinsu ne. Da can maƙwabcinsu a mota ne ke shaƙarsa.