Kwangilar Gwamnati da Rabon Mutanen Gari: Misalin Faraku da Jugu

Faraku da Jugu, waɗanda ake rubutawa Parakou da Djougou da Faransanci, manyan garuruwa ne a arewacin Jamhuriyar Benin. Hausawa sun daɗe da sanin su, domin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a wannan yanki. A yau kuwa kowanensu gunduma ce daga cikin gundumomi 77 na ƙasar. Tun bayan zaɓen Disamba 2002 kowace gunduma take da magajin gari da majalisa da kasafin kuɗinta, kuma a 2008 aka kafa asusun FADeC, wanda ta hanyarsa gwamnatin tsakiya ta riƙa tura musu kuɗin ayyuka. Da irin wannan kuɗi ake gina azuzuwa da rumfunan kasuwa da magudanan ruwa.

Idan aka ba da kwangilar gina aji uku, abin da kowa yake gani shi ne ginin. Amma kuɗin da aka biya ba a cikin bango ya tsaya ba. Wani ya sayar da yashi, wani ya buga bulo, wani ya haɗa bencina, wata ta dafa wa leburori abinci. Tambayar ita ce, su wane ne waɗannan mutane, kuma a wane gari suke kwana? Amsar takan fito ne daga yadda aka rubuta takardar kwangila tun farko.

Dokar ba da kwangila ta Benin, wadda aka yi a 2009 aka sake ta a 2017 da kuma 2020, ta ginu ne a kan ƙa'idojin da ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa, ta fitar a 2005. Ƙa'idojin sun yarda a fifita kamfanin cikin ƙungiyar a kan na waje da rangwamen da bai wuce kashi 15 cikin 100 ba wajen kwatanta farashi. A lura da kyau, wannan fifiko na ƙasashen ƙungiyar ne baki ɗaya. Wato ɗan kwangilar Jugu ba shi da wani gata a kan na Kwatano, kai ko a kan na Dakar. Magajin gari ba shi da ikon cewa ɗan garinsa kaɗai zai nemi aiki, kuma hakan daidai ne, don in aka buɗe wannan ƙofa, son kai ne zai fara shiga.

Saboda haka dabara ta koma wani wuri. Ta farko ita ce raba aiki kashi-kashi. Kwangila ɗaya ta makarantu goma sai babban kamfani mai jari. Idan aka raba ta gida biyar, magina da kafintocin gari za su iya shiga takara.

Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, ita ce zaɓen hanyar yin aikin. A 1990, lokacin da tattalin arzikin Benin ya durƙushe, bankuna suka rushe, matasa suka rasa aiki, an kafa hukumar AGETUR da taimakon Bankin Duniya, a kan tsarin AGETIP da Senegal ta fara a 1989. Nijar ma ta yi tata mai suna NIGETIP. Aikin hukumar shi ne ta karɓi kuɗin gwamnati, ta bai wa ƙananan kamfanoni kwangilar gyaran tituna da magudanai, ta kuma biya su da wuri. Maimakon kwalta, sai aka riƙa shimfiɗa ƙananan tubalan siminti. Kwalta tana buƙatar manyan injuna da kayan da ake shigowa da su da kuɗin waje, ga shi ma'aikatanta kaɗan ne. Tubali kuwa a gari ake buga shi, da hannu ake jera shi ɗaya bayan ɗaya, kuma in bututun ruwa ya fashe a ƙasa, sai a ɗaga su a gyara a mayar. Faraku tana cikin garuruwa uku, tare da Kwatano da Porto-Novo, da suka fara cin gajiyar shirin raya birane na Bankin Duniya a farkon shekarun 2000. Gaskiya ne aikin lebura na ɗan lokaci ne, titi yana ƙarewa albashi ya yanke. Amma ƙananan kamfanoni sun koyi lissafin farashi da cika takardu, kuma wannan ilimi bai ƙare da titin ba.

Abincin makaranta ma kwangila ne. A 2017 gwamnatin Benin ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare tare da Hukumar Abinci ta Duniya, har ya kai kusan kashi 75 cikin 100 na makarantun gwamnati a 2022. Masara da wake da shinkafa su ne ginshiƙin tukunyar, kuma jihohin Borgou da Donga, inda Faraku da Jugu suke, ƙasar noma ce. Idan aka sayi hatsin daga ƙungiyoyin manoman yankin, kuɗi ɗaya ya ciyar da yaro ya kuma shiga aljihun mahaifinsa. Barazil ta mayar da wannan doka a 2009, inda ta wajabta sayen aƙalla kashi 30 cikin 100 na abincin makaranta daga ƙananan manoma. Sai dai mai saye da yawa yana da sharuɗɗa: hatsi ya bushe sarai, ba ƙwari, ba tsakuwa, a kawo shi a ranar da aka sa. Manomi ɗaya mai buhu goma ba zai iya ba sai ya shiga ƙungiya mai sito da ma'auni.

Akwai kuma shingen takardu. Mai neman kwangila dole ya kasance da rajistar kasuwanci da lambar haraji, ya kuma fahimci takardun da duk da Faransanci aka rubuta su. Ɗan kasuwar Arzeke a Faraku, wanda yake cinikinsa da Dandanci ko Barganci ko Hausa, yana iya mallakar jari amma ya rasa waɗannan. Wanda ya tsallake shingen kuma yana fuskantar jinkirin biya. Babban kamfani yana iya jira watanni, ƙarami kuwa bashin siminti da kuɗin leburori sukan karya shi. Wanda yake ganin an zalunce shi wajen zaɓe yana iya kai ƙara ga hukumar ARMP mai sa ido kan kwangiloli. Tun 2022 kuma, bayan dokar gyaran mulkin gundumomi ta Disamba 2021, ikon kashe kuɗin gunduma ya bar hannun magajin gari ya koma ga sakataren zartarwa, ma'aikacin da ake fitarwa da ƙuri'a daga jerin ƙwararru.