Ɗan birni da ɗan ƙauye taubasai ne

A jihar Luwiziyana ta Amurka akwai wasu al'ummu biyu da baƙo kan ɗauka abu guda ne, su kuwa sun san bambancinsu sarai. Kiriyol an fi saninsu da birnin New Orleans, wanda Faransawa suka kafa a 1718, kuma tushensu ya haɗa Faransawa da Sifaniyawa da mutanen da aka kwaso daga Afirka a zamanin cinikin bayi. Kajun kuwa jikokin wasu manoma ne masu jin Faransanci da Turawan Ingila suka fara kora daga gabashin Kanada a 1755, suka gangaro kudu suka zauna a fadamu da bakin rafuka, suna su da farauta da noma. Dukansu suna dafa-dukan shinkafa, sai dai na birni kan zuba tumatir, na ƙauye galibi ba ruwansu da shi. Irin wannan bambanci ne marubutan can kan ɗauka su yi wa yara littafi mai hotuna, ga yaro a titin birni, ga takwaransa cikin kwalekwale.

Da za a yi wa yaranmu irinsa, ban ga wurin da ya fi Illela dacewa ba. Gari ne na kan iyaka, Sakkwato na kudu da shi, Birnin Ƙonni na Nijar kuwa ɗan gudun babur ne kawai. Ga yaron da ya taso a gefen tafkin Kalmalo, Illela birni ce sosai: ga tireloli sun yi layi, ga masu canji riƙe da damin naira da sefa, ga mai shayi da rediyonsa. Shi kuma ɗan Illela da ke yi wa wannan yaro dariya, ranar da ya sauka tasha a Sakkwato sai wani ya kira shi baƙauye. Yaro zai gane wannan daga hoto biyu kacal, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai akwai tarko a ciki. Mun daɗe da sabawa da labarin da dariyarsa ke tafiya gefe ɗaya. A wasannin kwaikwayo na rediyo da finafinan barkwanci, baƙauye ne kullum ke tsoron fanka, shi ke gaida madubi, shi ake damfara a tasha. Ɗan birni kuwa wayayye ne daga farko har ƙarshe. Babba zai kalla ya yi dariya ya wuce, amma yaron da ke aji biyu na firamare hadiye abin yake yi, ya fara jin kunyar kakarsa da ƙwaryar nononta. Mutanen Luwiziyana sun ɗanɗani kuɗar wannan kunya. Tun daga 1921 doka ta tsayar da Turanci a matsayin harshen makaranta, aka riƙa hukunta yara idan sun yi Faransancin gida, har ta kai a 1968 sai da gwamnatin jihar ta kafa hukuma ta musamman don ceto harshen.

A ganina littafin kirki kamata ya yi ya bi tsarin wasan taubasai. Kowa ya san yadda ɗan mace da ɗan namiji suke in sun haɗu a gidan suna. Wannan ya ce, “Bawana, zo ka ɗaukar mini takalmi.” Wancan ya amsa, “Kai da na saya da kuɗin goro?” Ya fizge masa hula, shi kuma ya janye kwanon naman gabansa, tsofaffi na gefe suna dariya, ba mai raba su domin ba faɗa ba ne. Abin da ya sa wasan bai zama cin mutunci ba shi ne kowa na da bakin ramawa, kuma in an gama a akushi ɗaya za su sa hannu. Da a ce ɗaya ne kullum ke zolaya, ɗayan ya sunkuyar da kai, da tuni iyaye sun shiga tsakani. Haka Fulani da Barebari suke yi, haka Kanawa da Zazzagawa, kuma maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe abin da daraja har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattalinsu a 2014.

To, a zana mana haka. Yarinyar ƙauye ta zo kasuwar Lahadi da mahaifinta a amalanke, ta rikice da ƙarar babura, ɗan kawunta na cikin gari ya riƙe mata hannu yana tsokanarta. A juya shafi, damina ta faɗi, an kai shi ƙauye hutu: ya kasa bambance gero da ciyawa ya tuge shukar mutane, jaki ya kayar da shi a gaban 'yan mata, guga ya suɓuce masa cikin rijiya. Yanzu ita ke dariya. A tsakiyar littafin kuma a bar shafi biyu ga kara, inda shanu da raƙuma da raguna ke shigowa daga arewa, domin yaro ya ga da idonsa daga ina naman tsiren da yake so ya fito.

Kada kuma a ɓoye iyakar. Yaran garin sun ga an rufe ta a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba 2020, sun sake ganin haka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun ji iyayensu na kukan kasuwa ta mutu. Sun san akwai gwaggo a Ƙonni da ta kasa zuwa biki. Littafin da ya nuna musu yaron can da ke karatu da Faransanci yana cin tuwo da miyar kuka irin tasu ya faɗi gaskiyar da suka riga suka sani.

Zariya ta ba mu Magana Jari Ce na Abubakar Imam tun kafin 1940, kuma har gobe ana karanta shi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ɗan littafi mai shafi ashirin, hoto babba, rubutu layi biyu, wanda yaro zai buɗe ya ga garinsu. Malaman firamare na Illela da matasan da ke zana fenti a jikin manyan motoci, ku haɗa kai ku yi shi, amma don Allah ku bar 'yar ƙauyen ta rama.